Jiƙon Iya da Akushin Baba

Ni dai ban taɓa sayen buhun masara ban zura hannu har ƙasansa ba. Sana'ata ke nan a Funtuwa: in saya da kaka, in ajiye, in auna wa matan unguwa da tiya idan bazara ta kama. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san mai kyau ake ɗorawa a bakin buhu, mai ƙwari da tsakuwa yana can ƙasa yana jiran wanda ba shi da haƙurin dubawa. Halin ya bi ni har cikin gida. Maigidana yakan ce ko ruwan zamzam aka kawo mini tsaraba sai na ɗaga shi a rana na leƙa. Ban taɓa musa masa ba, don gaskiya ya faɗa.

Baba ya rasu ana tsakiyar yankan dawa a gonarsa ta wajen Ƙarfi. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin mu gama shawarar asibitin da za a kai shi har Allah ya karɓi abinsa. Inna ta shiga takaba a gidanmu na Malumfashi, inda ƙanena da matarsa ke zaune tare da ita. Ba ta yi kuka ba ranar, ba ta yi ba ranar uku, ba ta yi ba ranar arba'in. Tana zaune kan tabarma da carbi, idan an yi mata gaisuwa ta amsa da kai. Mata suka yi ta yabonta. Wannan ta ce ba ta taɓa ganin tawakkali irin na Hajiya ba, waccan ta ce a kawo yaran zamani su koyi haƙuri. Mu ma 'ya'yanta muka riƙa jin daɗin yabon. Mai takaba dama ba ta kwalliya, ba ta fita, ba ta yawan magana, saboda haka babu wanda ya ga wani abu a shirun nata sai ibada.

Ranar fita takaba aka yi abin da aka saba. Aka yi mata kitso, aka ƙunsa mata lalle, ta yi wanka ta sa sabuwar atamfar da na ɗinko mata. Dangi suka ci waina suka watse. Washegari, maimakon ta yafa mayafi ta fara zagayen bangajiya gidajen da suka zo mata gaisuwa, sai ta cire atamfar ta ninke, ta koma kan tabarmar nan, a daidai gurbin da ta bari. Daga nan ne muka fara kallon juna.

Kitson ya tsufa a kanta har ya cukurkuɗe, ta hana a taɓa. Awakinta, waɗanda a da ko tari ɗaya ta yi sai Inna ta fito, suka yi ta kuka a turke ba ta leƙa ba. Barci ya ƙaurace mata. Abinci kuwa, in an kai mata sai ta ce a ajiye, in an dawo a tarar da shi ƙudaje sun gaji da shi. Na sayo mata sabuwar kula mai kyau, na yi farfesun kaza da hannuna, na dama kunun gyaɗa, duk a banza. Ta kan kurɓi ruwa, ta ɗan taɓa kunu don a ƙyale ta. Zobenta na azurfa ya fara zamewa daga yatsa. In an tambaye ta me ke mata ciwo, amsar ɗaya ce: ba komai.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, in tana son in yi wani abu sai ta gaya wa bango ko ta gaya wa wani yaro ya gaya mini. Don haka ko da nake barin kasuwancina ina zuwa in kwana biyu in koma, ba ni da bakin zama in ce mata, Inna, me ke zuciyarki. Sai dai in tsaya a bakin ƙofa in kalli yadda wuyanta ke ƙara tsawo.

Wata rana matar ƙanena ta tambaye ta ko a sauko da zangarniyar dawar da Baba ya rataye a madafa don iri, a duba ko ƙwari sun shiga. Inna ta ce, "Ku yi yadda kuka gani. Ni ba ganin daminar nan zan yi ba." Ta faɗa ne a sanyaye, yadda mutum zai ce gobe ba zai je kasuwa ba. Matar ƙanena ta kira ni a waya tana kuka. Tun daga ranar tsoro ya shige ni, kuma ni idan tsoro ya kama ni faɗa nake yi da zargi.

Mun yi na malamai. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi har labulen ɗakin ya canza launi. Wani malami mai gaskiya ya duba ya ce shi bai ga aljani ba, bai ga sammu ba, a ci gaba da addu'a. Wani mai kemis ya zo ya sa mata ƙarin ruwa, ta ɗan yi haske yini ɗaya ta koma. Ana cikin haka ne Iya ta shigo da tukunya.

Iya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Bayarbiya ce, an kawo ta Malumfashi tana amarya tun ba a haife ni ba, tana sayar da robobi da bokitai a kasuwa. 'Ya'yanta duk a nan aka yanke musu cibi, Hausarsu ta fi tawa daɗi, amma ita har yau in ta so sai ta ce wa mace "kai". Da ita da Inna sun yi zaman lafiya irin na miƙo gishiri ta saman katanga. Sai dai akwai abin da ban manta ba. A bayan gidanmu akwai ɗan fili da ya kalli titi, inda rumbun Inna yake, kuma Iya ta daɗe tana roƙon Baba ya sayar mata ɗanta ya gina shagon gyaran waya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Baba yana ce mata a'a cikin raha. Yanzu Baba ya kwanta dama, ga Inna hankalinta ba ya jikinta, ga Iya da tukunya a rufe.

Ta dire ta a tsakar gida ta buɗe. Ruwa ne baƙi-baƙi, ganyaye da ɓawon itace na yawo a ciki, wari na tashi mai kama da na lambu bayan ruwan sama amma da ɗaci a ƙarshensa.

"Wannan jiƙo ne na ciwon zuciya," in ji ta. "Ba zuciya mai bugawa ba, zuciya mai nauyi. A garinmu in mace ta rasa miji ta ƙi tashi, shi ake ba ta."

"Mi ke ciki, Iya?" na tambaya.

"Ɗoɗɗoya, citta, kanumfari, shuwaka kaɗan, ɓawon maɗaci."

"Sai mi?"

"Sai abin da kakata ta koya mani."

"Shi nike tambaya."

Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce tun ina goye take ganin wannan idon nawa, bai canza ba. Ba ta faɗi sauran ba. Ƙanena, wanda ko guba aka miƙo masa da fara'a zai ce an gode, ya karɓi tukunyar yana ta sa albarka. Na bari ta fita, sannan na ce babu mai ba Inna ko cokali sai na gani da idona.

Na fara da kaza. Na jiƙa tsaki da ruwan na watsa wa wata baƙar kazar matar ƙanena, na zauna ina gadinta. Ta cinye ta ci gaba da tonon bola, washegari ma har ƙwai ta yi. Sai na ɗura a kwalba na kai wa mijin wata ƙanwata da ke aiki a shagon magani, don na sha jin ana jiƙa irin waɗannan saiwoyi da giya, ko a narka ƙwayar barci a ciki a ce gargajiya ne. Ya shinshina, ya ɗanɗana, ya yamutse fuska ya ce shi bai ji giya ba, batun ƙwaya kuwa ba a gane ta da harshe. Wannan bai gamsar da ni ba. Daga ƙarshe na cika kofi na rufe ido na shanye. Ɗacin ya bi ta kunnuwana ya fita. Na yi gumi, na yi gyatsa, na yi barcin rana mai daɗi, na tashi da yunwa kamar na yi noma. Na zauna ina auna kaina ko zan ji sha'awar sayar da fili, ban ji ba.

Haka na bari aka fara ba ta, rabin kofi da yamma, ba don na yarda ba sai don ba ni da wani abin da zan miƙa a madadinsa. Inna ta sha ba musu, yadda take karɓar komai a lokacin. Na koma Funtuwa da zuciya biyu, na bar wa matar ƙanena umarni: duk abin da Iya ta yi, duk abin da ta ce, musamman in ta ambaci bayan gida, a kira ni.

Ba a daɗe ba kuwa wayar ta zo. Matar ƙanena ta rage murya ta ce, "Yaya, Iya ta ce a ba ta akushin Baba."

Na ajiye tiyar da ke hannuna. Akushin nan baƙi ne na itace, ya girme ni, a ciki Baba ya ci tuwon dare duk rayuwarsa, ya ƙi kwanon samira ya ƙi na tangaran. Bayan rasuwarsa an wanke shi an kife a saman kwaba, babu mai taɓawa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan bare ya zo neman kayan mamaci, hularsa ko takalminsa ko abin da ya ci abinci a ciki. Ba don alheri ake nema ba.

"Kun ba ta?"

"Maigidan ya ba ta tun shekaranjiya. Ya ce kar in gaya maki."

Ban tsaya canza zane ba na nufi tasha. Duk tsawon hanyar ina haɗa abin a kaina, kuma ya haɗu tsaf: a fara da jiƙo a sanyaya mata jiki, a bi da akushin mijinta a ɗaure mata baki, sannan wata rana a zo da shaidu a ce Hajiya ta amince. Na sauka a Malumfashi da maganganun da zan faɗa wa Iya a jere, kowace da ƙayarta.

Ƙanena na tarar a ƙofar gida. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Yaya, ki yi mani faɗan daga baya. Tana cin abinci."

"Wa?"

"Inna. Jiya ta ci tuwo, shekaranjiya ma ta ci. Ba da yawa ba, amma ta ci."

Wani zai yi hamdala ya tsaya nan. Ni sai abin ya ƙara ɗaure mini kai. Matar da ta ƙi farfesun kazata, me aka barbaɗa mata a tuwon dawa da miyar kuka har ta ci? Na tambaya yaya ake yi. Ya ce shi bai sani ba, Iya takan shigo bayan magariba ta ce kowa ya shiga ɗaki, kuma shi yana shiga. A ce mutum da gemunsa a kore shi daga tsakar gidan ubansa ya tafi.

Da aka kira magariba na yi salla da wuri, na shige ɗakin ajiya da ke kallon zaure da ƙofar Inna gaba ɗaya, na zauna bayan buhunan dawa na bar ƙofar a ɗan buɗe. Iya ta yi sallama ta shigo. Ta ɗebi jiƙon a kofi ta kai wa Inna, na ji tana cewa, "Shanye duka, Hajiya, kar ka bar mani." Ta fito ta karɓi akushin daga hannun matar ƙanena, an riga an zuba tuwo da miya. Idona na kan hannunta da bakin zanenta, ina jiran in ga ta kwance ƙulli.

Ba ta kwance komai ba. Ta wuce zaure, ta zauna a kan dakalin da Baba ke zama, ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta ci. Loma kaɗan ta yi, a gefe ɗaya. Ta rufe da faifai, ta ɗan jima a zaune tana kallon titi, sannan ta taso ta kawo akushin bakin ƙofar Inna ta dire shi a ƙasa da ɗan ƙarfi, har itacen ya yi ƙara a kan siminti. Ba ta ce uffan ba. Ta sa takalminta ta fita.

Wannan ƙarar na san ta. Da ita na girma. Kowane dare Baba in ya gama ci a zaure, haka yake shigowa ya dire akushin a wannan wurin ya wuce masallaci, ba tare da ya ce komai ba.

Labulen ya motsa. Hannun Inna ya fito, siriri, zoben na lilo a yatsa, ya jawo akushin ciki.

Na zauna a bayan buhunan nan ina lalube cikin ƙuruciyata, ina neman rana ɗaya da na ga Inna ta zuba abinci a kwanonta ta ci. Ban samu ba. Takan tuƙa, ta kwashe na Baba, ta kwashe namu, ta aika na maƙwabta, ta kankare tukunya, sannan ta zauna tana tsinkar zogale ko tana gyaran fitila har akushin ya dawo. Abin da ya rage a ciki shi ne abincinta. Tun tana yarinya aka kawo ta gidan, ba ta san wani cin tuwon dare ba bayan wannan. Mu kuwa muka yi ta jera mata sababbin kuloli cike da abincin da babu wanda ya fara taɓawa.

Duk da haka da safe na zagaya gidan Iya, don ganin abu ɗaya ba ya hana ni tambayar na biyu. Na same ta tana ɗaure bokitai za ta kasuwa.

"Na gan ki jiya," na ce.

"Na sani. Ƙafarka ta fito ta bayan buhu."

"Ina kika san da maganar akushin?"

"Ɗakina na jikin katangar nan. Shekara nawa ina jin ƙarar, in na ji na san Hajiya za ta ci abinci, ni ma in rufe ƙofata. Da Malam ya rasu na daina ji."

"To in haka ne, jiƙon na mine ne? Na rufe ido?"

Ta ɓata rai sosai. Ta ce magani magani ne, kar in raina shi. Yana kwantar da gaba, yana kawo barci, ɗacinsa yana sa baki ya nemi abin da zai bi da shi. Amma ba ya zama a cikin da babu komai, kuma ta ga tukunyar na raguwa Hajiya ba ta ƙaruwa, shi ya sa ta tuna da akushin.

Na ga gara in zura hannu har ƙasa tunda na zo. "Filin fa, Iya?"

Ta yi dariya har ta dafa bokiti. "Ina son fili har gobe. Ina kuma son in ji tarin maƙwabciyata da asuba. A garinku ba a son abu biyu?"

Shagon dai yana nan yanzu a bayan gidanmu, ɗan Iya na haya, Inna ce da bakinta ta ba shi bayan ta warware. Ni dai na lura, kuma har yau in na wuce sai na kalle shi.

Abin da na tsaya a kai shi ne asibiti. Cin loma biyar bai goge maganar damina daga kunnena ba. Muka sa Inna a mota, ba ta so, muka kai ta. Likitan ya daɗe yana mata tambayoyi a hankali, game da barci, game da abin da take tunani in ta kaɗaita, har da ko ta taɓa jin gara ta bi Malam. Ta sunkuyar da kai ba ta ce a'a ba. Ya ce mana wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba rashin tawakkali ba ne, kuma yana kisa in aka bar shi. Ya rubuta ƙwayoyi ya ce sai an yi haƙuri kafin a ga aikinsu, kar a daina don an ga sauƙi, kar kuma a bar ta ita kaɗai. Na fito da kwalbar jiƙon daga jaka na dire masa. Ya ce ba zai yarda a haɗa da abin da bai san ko mene ne ba, a tambayo masa duka. Da na kai wa Iya saƙon ta yi ta mita, amma a ƙarshe ta faɗa: asirin kakar tata ashe na'a-na'a ne da ɓawon lemun tsami. Likita ya ce a cire maɗacin saboda cikin tsohuwa, sauran a ci gaba in tana so. Iya ta ce an cire wa maganin ƙashin baya. Ni kuwa na ji daɗi ko ba komai na ga ƙasan tukunyar.

Sauƙin bai zo a guje ba. Wata rana ta yarda a tsefe mata kai, washegari ta juya wa kowa baya. Wata rana ta fito ta zauna a inuwa ta ce akuyar can ta rame, sai kuma a yi kwanaki ba ta leƙo ba. Ƙwaya da safe, jiƙo da yamma, akushi bayan magariba. Ban san wanne ya fi aiki ba, kuma na daina ƙoƙarin rabewa. Zangarniyar iri dai tana nan rataye a madafa, babu wanda ya sake tayar da maganarta, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa.

Sai Babbar Salla ta matso. Iya ba ta taɓa yin layya a Malumfashi ba, kowace shekara garinsu take tafiya da 'ya'yanta su yi makonni. Ta kawo busassun ganyen a leda ta koya wa matar ƙanena yadda ake dafawa, ta tafi. Ranar farko da ba ta nan aka zuba tuwo a akushi, aka tsaya ana kallon juna. Ƙanena ya ce shi wallahi hannunsa ba zai iya shiga akushin Baba ba. Matarsa suruka ce, ba ta ma cikin lissafi. Ranar Inna ta sha jiƙo ta kwanta da ɗacinsa a baki, haka ma washegari. Aka kira ni.

Na zo ranar da aka gama suyar naman layya. Bayan magariba na kai mata kofin, ta karɓa tana kallon gefe. Na ɗauki akushin na tafi zaure na zauna a dakalin Baba. Akushin ya fi yadda nake zato nauyi, bakinsa ya yi santsi saboda tsufa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, da tsoka biyu a sama. Na yi 'yan lomomi, na cinye tsokar ba tare da wani tunani ba, na rufe da faifai, na je na dire a bakin ƙofa yadda na ji ana yi tun ina rarrafe. Hannun ya fito ya ja. Na tsaya a jikin bango.

Can sai na ji ta ce, "Ke."

Na waiga ko da wani take. Babu kowa a tsakar gidan sai ni.

"Ke nike kira. Shigo."

Na ɗaga labulen na durƙusa daga bakin ƙofa. Akushin na kan cinyarta, yatsunta sun nutse a ƙasan tuwon, tana lalube.

"Kin cinye naman," ta ce.

"Na ci, Inna. Bari in ɗebo maki wani, akwai shi da yawa."

"Ba shi nike nufi ba." Hannun bai fito ba. "Shi ba ya ci. Turawa yake ƙarƙashin tuwon ya shafe wurin, ya dawo mani da shi. Tun satin da aka kawo ni gidan nan. Bai taɓa cewa ya yi ba, ni ma ban taɓa cewa na gani ba." Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa samu ba tun da na yi wayo. "Iya a sama take bari, ba ta sani ba, baiwar Allah. Ni ko kullum sai na sa hannu na duba. Na san babu, amma sai na duba."

Daga nan muryarta ta karye. Kukan da ba ta yi ranar rasuwa ba, wanda aka yi ta yabonta don ta riƙe, shi ne ya zo gaba ɗaya. Ban san lokacin da na matsa ba. Ta kifa kai a kafaɗata, hannunta da miya ya ɓata mini mayafi, muka yi ta yi ni da ita har aka kira isha. Na ji tausayinta, na ji kewar Baba, na kuma ji haushin kaina da na zauna gida ɗaya da mutanen nan shekara da shekaru, ni mai duba ƙasan komai, ban taɓa sanin abin da ke ƙasan akushin nan ba.

Washegari da yamma ta sha jiƙonta ta yamutse fuska, ta ce matar ƙanena ta cika citta. Na ɗauki akushin na tafi zaure. Na ci gefe ɗaya, sannan na sa babban yatsa na danna tsokar can ƙasan tuwon, na shafe saman sumul. Na kai na dire, na koma jikin bango ina sauraro. Na ji an ɗaga faifai. Aka ɗan jima.

"Kin kai shi da zurfi," ta ce daga ciki, bakinta da abinci. "Shi daga gefe yake sawa." Sai kuma ta ƙara, "Ki ce wa yaron nan gobe ya sauko da irin dawar nan in duba. Ba a shuka abin da ban gani ba."